Zangon farko a ɗakin gwaji: yadda ake fara koyar da sababbin ɗaliban injiniyancin lantarki da kwamfuta

Yawancin ɗaliban da ke shigowa sashen lantarki ko na kwamfuta sun haddace V = IR tun suna sakandare, da ita ma suka ci jarrabawa. Amma in ka miƙa wa ɗayansu mita ka ce ya auna maka batir, sai ka ga ya tsaya yana jujjuya ta. Laifin ba nasa ba ne. A jami'o'in Nijeriya karatun injiniya shekara biyar ne, kuma shekarar farko kusan duka lissafi da fiziks da kemistiri ke cinye ta, har yaro ya fara tambayar kansa ko ina lantarkin da ya zo nema. Abin da ke biye tsari ne ga malamai da ma'aikatan ɗakin gwaji, na jami'a ko na kwalejin kimiyya da fasaha, da ke son cike wannan giɓi: mako 12, awa uku a kowane mako, ɗalibai bibbiyu a kan tebur.

Ƙa'ida ɗaya ce ke riƙe da tsarin duka, kuma kada ku sassauta ta ko da rana ɗaya. Kafin ɗalibi ya haɗa komai, sai ya rubuta lambar da yake sa ran gani. Sannan ya haɗa, ya auna, ya rubuta abin da mita ta nuna, ya kuma faɗi dalilin da ya sa biyun suka bambanta. Wanda ya haɗa da'ira fitila ta kama amma bai yi hasashe ba, ya yi wasa ne da waya. Wanda hasashensa ya kuskure ya gano dalili, shi ya yi aikin ranar.

Kayan da kowane tebur ke buƙata

Allon gwaji mai ramuka 830, wanda 'yan kasuwa ke kira buredbod, mita ɗaya, waya mai zare ɗaya mai kauri lamba 22, ja da baƙa da wata kala ta uku, rizisto masu rubu'in wat na om 220, 330, 1k, 10k, 68k da 1M (k na nufin dubu, M miliyan), goma-goma, ƙwan LED ja goma, kafasita na 10 nF, 100 nF, 10 µF da 1000 µF, ayisi (ƙaramar da'ira da aka dunƙule cikin ƙwaya ɗaya) NE555 biyu, tiranzisto BC547 biyar, dayod 1N4007, rile (makunnin da wuta ke kunnawa) mai bolt 5, ayisi 74HC08 da 74HC86, LDR (rizisto mai jin haske), LM35 (mai auna zafi), makunnin dannawa huɗu, da Arduino Uno (ƙaramin allon kwamfuta da ake rubuta wa umarni) ɗaya tare da wayarsa. Irin waɗannan kaya ana samunsu a wajen masu sayar da kayan gyaran rediyo da talabijin, kamar na kasuwar Sabon Gari a Kano. LED da tiranzisto da fis ɗin mita ku sayi ninkin abin da kuka lissafa, domin su ne ke fara mutuwa.

Wutar da za a yi aiki da ita bolt 5 ce. Fawa bank ya fi dacewa, tunda ba ruwansa da ɗaukewar wuta, sai dai yana da hali ɗaya: in abin da ake ja daga gare shi ya yi kaɗan, yakan ɗauka an gama caji ya kashe kansa. Maganinsa a ɗora masa rizisto om 47 mai wat ɗaya tsakanin fozitif da negetif, ya riƙa jan kusan miliamfiya 100. In kun yanke wayar USB don ciro wuta, kada ku dogara da cewa ja ce fozitif baƙa ce negetif. Wayoyi masu arha ba sa bin wannan koyaushe. A auna.

Wutar soket, mai bolt 230, ba ta cikin aikin wannan zango ko kaɗan. Ku faɗa musu a ranar farko cewa miliamfiya 30 kacal da ta ratsa ƙirji tana iya yin kisa, shi ya sa ake saita na'urar kariya ta gida a daidai wannan lamba. Ku kuma faɗa musu cewa batir ma ba abin rainawa ba ne: batirin mota bolt 12 ne kawai, amma sifana ta faɗa kan ƙafafunsa biyu za ta yi ja.

Mita da LED

Mako biyun farko na mita ne. Ku ba su rizisto goma a gauraye, su karanta kalolin, su rubuta, sannan su auna. Lemo, lemo, ruwan ƙasa shi ne om 330. Ruwan ƙasa, baƙi, lemo shi ne 10k. Zoben zinare na ƙarshe yana nufin kamfani ya yarda da kuskuren kashi 5 cikin 100, don haka rizisto om 330 da ya nuna 318 ko 342 lafiyarsa ƙalau. A nan ne ɗalibi ke fara jin cewa lambar da ke cikin littafi da wadda ke hannunsa 'yan uwa ne, ba tagwaye ba.

Kurakuran wannan mataki sanannu ne. Mai riƙe ƙafafun rizisto 1M da yatsunsa biyu yana auna jikinsa ne tare da shi, sai lamba ta sauko. Mai auna turjiya alhali da'ira na da wuta zai ga shirme. In mita mai arha ta nuna 1 ita kaɗai a gefen hagu, ba om ɗaya take nufi ba, cewa take abin ya fi ma'aunin da aka zaɓa. In kuma duk awon wani tebur ya riƙa fin na kowa yawa, a duba batirin mitar. In ya yi sanyi, lambobi kan hau.

Babban kuskuren shi ne na auna kwarara. Boltej ana auna shi ne ta ɗora bakunan mita a gefe biyu na abu. Kwarara kuwa sai an tsinke da'ira an sa mita a tsakani, wutar ta bi ta cikinta. Ɗalibin da ya juya mita zuwa 200 mA ya ɗora ta a kan batir kai tsaye ya haɗe batirin ne da kansa, kuma fis ɗin ciki ya tafi. Alamarsa mita tana auna boltej daidai amma kwarara sifili kullum. A canza fis da irinsa, kada a yarda wani ya nannaɗe shi da waya. Ramin 10A na yawancin mitoci masu arha ba shi da fis ma sam, don haka ku sa dokar mayar da jan baki ramin boltej da zarar an gama.

Allon gwaji ma sai an koyar da shi. Ramuka biyar-biyar ne a haɗe, ramin tsakiya ya raba gefe da gefe, dogayen layukan baki kuma na wuta ne. A wasu allunan layin wutar a yanke yake a tsakiya, sai rabin allo ya zama ba wuta, ɗalibi ya yi ta canza kaya masu lafiya. Ku sa kowa ya bi allonsa da mita ya zana taswirarsa kafin ya soka komai.

Daga nan sai LED. Ja yana cin kusan bolt 2, saura bolt 3 ya faɗa kan rizisto. Da om 330 kwarara za ta zama 3 raba 330, wato kusan miliamfiya 9. Da om 220 kusan 14. Iyakar ƙaramin LED miliamfiya 20 ce. Doguwar ƙafa ce fozitif. Ku bar kowane tebur ya ƙona LED ɗaya da gangan, a haɗa shi da batir mai bolt 9 ba rizisto. Asarar ba ta taka kara ta karya ba, kuma wanda ya ga ƙwan ya yi walƙiya ya mutu ba ya sake tambayar amfanin rizisto.

Mai raba boltej, da ranar da mita ta yi ƙarya

Wannan shi ne darasin da ya fi cancantar a zauna a kansa. A jera rizisto 10k biyu tsakanin bolt 5 da negetif, a auna tsakiya. Kowa zai yi hasashen 2.5, kowa zai samu. Sai a ce su rataya rizisto 1k daga tsakiyar zuwa negetif, kamar an ɗora wa da'irar kaya. Yawancinsu za su ce 2.5 na nan. Mita za ta nuna kusan 0.42, domin 10k da 1k kafaɗa da kafaɗa sun koma om 909, rabon ya rushe. Daga yau sun san cewa mai raba boltej na ba da alama ne, ba ya ciyar da kaya, kuma ba wanda zai sake kawo shawarar rage bolt 12 zuwa 5 da rizisto biyu don cajin waya.

Sannan a cire komai, a jera 1M biyu. Lissafi ya ce 2.5. Mita mai kyau, wadda turjiyar cikinta 10M ce, za ta nuna kusan 2.38. Mai arha irin DT830, wadda tata 1M ce, za ta nuna kusan 1.67. Kada ku yi saurin ba da amsa. Ku bar su su yi musu, wannan tebur ya ce mitar wancan ce ta lalace. Ba wadda ta lalace. Mita ita ma kaya ce, tana shan wuta daga abin da take aunawa, kuma mai awo yana taɓa abin da yake auna ko ya so ko bai so ba. In akwai mitoci iri biyu a ɗakin, wannan rana ce amfaninsu.

Lokaci ya shigo

Kafasita ba ta buƙatar na'ura mai tsada. Rizisto 10k a jere da kafasita 1000 µF suna ba da daƙiƙa 10. Ɗaya ya riƙe agogon waya, ɗaya ya karanta mita duk bayan daƙiƙa biyar, su zana jadawali da hannu. A daƙiƙa 10 boltej zai kai kusan kashi 63 cikin 100 na bolt 5, wato 3.16, a daƙiƙa 50 kuma ya kusa cika. In wani tebur ya samu 3.16 a daƙiƙa 12, ba laifinsu ba ne, irin wannan kafasita kan kauce da kashi 20 cikin 100. A kula da zanen da ke gefenta, shi ne negetif. In aka juya ta takan kumbura, wani lokaci ta fashe. Kuma a sauke cajinta ta rizisto 1k kafin a maimaita, in ba haka ba awo na biyu zai fara daga tsakiya.

NE555, mai ƙidayar lokaci, ita ce ayisi ta farko da za su taɓa, da ita za su sa LED ƙiftawa. Hans Camenzind ne ya tsara ta wa kamfanin Signetics, ta shiga kasuwa a 1972, kuma har yau ana ƙera ta. Ƙafa ta 1 tana kusa da ɗigo ko tsagin da ke kanta, ana ƙirgawa a zagaye saɓanin tafiyar agogo. Ƙafa ta 1 zuwa negetif, ta 8 da ta 4 zuwa fozitif. Rizisto 1k tsakanin 8 da 7, rizisto 68k tsakanin 7 da 6. A haɗe 6 da 2 da guntuwar waya, a sa kafasita 10 µF daga 6 zuwa negetif, 10 nF daga 5 zuwa negetif, LED da rizistonsa a ƙafa ta 3. Lissafin shi ne 1.44 raba (R1 + 2R2) sau C, inda R1 shi ne 1k, R2 68k, C kuma 10 µF, ya ba da kusan 1.05 a daƙiƙa, wato ƙiftawa 63 a minti. Su ƙirga. Duk abin da ya faɗa tsakanin 52 da 79 kafasita ce ta jawo shi.

In LED ya kama ya tsaya cak, da wuya ba wayar da ke tsakanin 2 da 6 ba ce. In ayisi ta yi zafi, an juya ta ne, a cire wuta nan take. In tana ƙiftawa yadda ta ga dama, a duba ƙafa ta 4 ko an bar ta a sake, a kuma sa 100 nF tsakanin 8 da 1 dab da jikinta.

Tiranzisto mako ɗaya ya ishe shi a wannan mataki, a matsayin makunni kawai. Rile mai bolt 5 yana jan kusan miliamfiya 70, BC547 na ɗaukar har 100. Rizisto 1k a ƙafar tsakiya zai ba ta miliamfiya 4.3, ya isa ya buɗe ta sosai. Abu biyu ke kashe tiranzisto a nan. Na farko rashin dayod: lokacin da aka yanke wa naɗin rile wuta yakan mayar da boltej mai yawa baya, don haka a sa 1N4007 a kan naɗin, zobensa yana kallon fozitif. Na biyu tsarin ƙafafu. In ka fuskanci shafaffen gefen BC547, ƙafafunsa C, B, E ne. Na 2N3904 kuwa E, B, C, alhali kamanninsu ɗaya. Mai shago zai ce maka duk ɗaya ne. A nan za ku koya musu neman takardar bayanin da kamfani ya fitar da karanta ta, wanda shi ma darasi ne mai zaman kansa.

Daga boltej zuwa sifili da ɗaya

Ɗaliban kwamfuta kan ɗauka sifili da ɗaya wani abu ne da ke zaune a cikin kwamfuta. Ku nuna musu da mita cewa ɗaya bolt 5 ne a kan waya, sifili kuma negetif. 74HC86 da 74HC08 kowacce ƙafa 14 gare ta, ta 14 fozitif, ta 7 negetif. A kai makunni biyu ga ƙofa ɗaya (ƙafafun shiga biyu da ta fita ɗaya) ta kowace ayisi. Fitar 74HC86 ita ce jimla, fitar 74HC08 ita ce abin da aka ɗauka a ka. A danna duka biyu, fitilar jimla ta mutu, ɗayar ta kama: ɗaya da ɗaya sun ba da 10 a lissafin kwamfuta. Wannan 'yar da'ira ce ake ninkawa har a samu sashen lissafi na kowace kwamfuta.

Matsalar da za ta ci muku lokaci ita ce ƙafar shiga da aka bari a sake. Ba sifili ba ce, ba ɗaya ba ce. Fitila za ta riƙa kamawa in an kawo hannu kusa, ɗalibai su ce allon yana da aljanu. Kowane makunni a ba shi rizisto 10k zuwa negetif, ƙofofin da ba a amfani da su kuma a ɗaure ƙafafun shigarsu da negetif. Iyakar waɗannan ayisi bolt 6 ce, batir mai bolt 9 zai gama da su.

In zangon ya faɗo cikin hunturu akwai ƙarin kula. Bushewar iska na sa jiki tara caji, irin wanda ke sa mutum jin tsat in ya taɓa ƙofar mota, kuma wannan tsat ɗin ya isa ya kashe ayisi irin wannan ba tare da wata alama ba. Kowa ya taɓa ƙarfen da ke haɗe da ƙasa kafin ya ɗauki ayisi, a riƙe ta ta jiki ba ta ƙafafu ba, a ajiye ta a soke cikin takardar alminiyam. A kuma rufe allunan bayan aiki, ƙura na shiga ramuka ta hana haɗuwa.

Arduino

Akwai masu fara zango da Arduino saboda yana burge ɗalibai. Ba mu goyon bayan haka. Wanda ya fara da shi yakan koyi kwafo umarni daga intanet, in abu ya ƙi aiki bai san ta inda zai fara ba. A mako na takwas kuwa, ɗalibin da ya sha wahalar 555 zai ga cewa canza lamba ɗaya a cikin umarni ya yi abin da dā sai ya canza rizisto, kuma zai san darajar hakan.

An fara Arduino a garin Ivrea na Italiya a 2005. Uno na ɗauke da ATmega328P mai gudun 16 MHz, ma'adanar manhaja 32 KB, ta aiki kuma 2 KB kacal. Ku sa su kwatanta wannan da wayar da ke aljihunsu. Kowace ƙafa kada a ja mata fiye da miliamfiya 20. Rile ko injin fanka ba a haɗa su da ƙafa kai tsaye, sai ta tiranzisto, abin da suka riga suka iya.

Ku shirya kwamfutoci tun kafin ranar. Yawancin allunan da ke kasuwa kwaikwayo ne masu amfani da ayisin CH340, kuma wata kwamfutar ba za ta gan su ba sai an sa mata direbansa. Ku ajiye shi da manhajar Arduino a filas, kada ɗalibai arba'in su dogara da data a lokaci guda. In loda manhaja ya ƙi, a duba ko an zaɓi tashar da ta dace, a kuma cire duk abin da ke ƙafa ta 0 da ta 1, domin ta nan allon ke magana da kwamfuta.

Bayan ƙifta LED ɗin da ke ƙafa ta 13, ku ba su wannan tarko: su sa fitila ta jira minti ɗaya. Wani zai rubuta delay(60 * 1000), allo ya yi tsit kamar ya mutu. A Uno lamba irin int ba ta wuce 32,767, don haka 60,000 ta zube ta koma -5,536, delay kuma ya karanta ta a matsayin jiran kusan kwana 50. Gyaran shi ne a rubuta 60000UL, UL ɗin na sa a ɗauke ta a matsayin doguwar lamba. Na biyu, su ƙirga danna makunni. Za su danna sau ɗaya lamba ta hau uku, saboda ƙarafan cikin makunni kan yi tsalle kafin su zauna. A sa manhaja ta yi watsi da duk canjin da ya zo cikin milidaƙiƙa 50 na farko.

Sai karatun zafi. Ƙafafun A0 zuwa A5 suna mayar da bolt 0 zuwa 5 lamba daga 0 zuwa 1023, kowane taki kusan milibolt 4.9. LM35 na ba da milibolt 10 a kowane digiri, don haka ɗakin da ya kai digiri 40, kamar yadda akan gani a Sakkwato ko Maiduguri a watan Afrilu, zai ba da milibolt 400, allo ya karanta kusan 82. Su fara auna fitar LM35 da mita kafin su yarda da allo. In biyun sun saɓa, a auna bolt 5 ɗin kansa. USB kan ba da 4.7 ko 4.8, kuma da shi allon ke gwada komai. In LM35 ya yi zafin da ba a iya taɓawa, an juya ƙafafunsa.

Aikin ƙarshe

Makonni ukun ƙarshe na aiki ɗaya ne da ya tattara komai, kuma fitilar da ke kunna kanta da magariba ta kashe da asuba, irin ta sola da ke kan tituna, ta dace ƙwarai. LDR daga bolt 5 zuwa A0, rizisto 10k daga A0 zuwa GND, wato negetif. Mai raba boltej ne ya dawo. Fitila mai bolt 12 da wat 5, batir mai bolt 12 da 7 Ah (amfiya sau awa, ma'aunin cajin batir), da tiranzisto IRLZ44N a matsayin makunni, da rizisto 100k daga ƙafar G, wadda ke buɗe shi, zuwa negetif don kada fitila ta yi wasa lokacin da allo ke tashi. A kasuwa IRFZ44N za a fi miƙo muku. Bambancin harafi ɗaya ne, amma IRFZ44N an yi shi ne don bolt 10 a ƙafar G. Da bolt 5 zai ɗauki ƙaramar fitila, in kaya ya yi nauyi sai ya yi zafi. Negetif ɗin batir da GND na Arduino dole su haɗu, in ba su haɗu ba babu abin da zai motsa, kuma wannan ne kuskuren da aka fi yi.

Kowa zai fara da iyaka ɗaya: in karatu ya gaza kaza, kunna. Da magariba haske na kai da komo a bakin iyakar, fitila ta riƙa ƙyaftawa. Maganin iyaka biyu ne masu tazara, misali a kunna in karatu ya sauka ƙasa da 300, kada a kashe sai ya haura 400. Ainihin lambobin su fita waje su auno da kansu, domin LDR biyu ba sa daidaita. Akwai kuma wanda zai dasa LDR inda hasken fitilarsa ke dukansa, fitila ta kama, ta ga gari ya waye, ta mutu, ta ga dare, ta sake kamawa. A sa LDR cikin guntun bututu yana kallon sama.

Kada a karɓi aikin sai da lissafin batir. Fitila mai wat 5 na jan kusan amfiya 0.42, a awa 11 ta ci 4.6 Ah. Uno shi kaɗai na jan kusan miliamfiya 50 dare da rana, wato 1.2 Ah. Jimla 5.8, alhali batirin dalma in ana so ya daɗe ba a shan fiye da rabinsa, 3.5 ke nan. Bai isa ba. Ku bar su su nemi mafita. Wasu za su ce a ƙara batir, wasu a rage fitila zuwa wat 3, wanda zai kawo jimla kusan 4, har yanzu da saura. Waɗanda suka yi nisa za su lura cewa Arduino ɗin ne ɓarnar, tunda ayisin LM393 mai kwatanta boltej biyu zai yi wannan aiki da kusan miliamfiya ɗaya. Da shi da fitila mai wat 3 jimla ta sauko kusan 2.8.

Yadda malami zai tsaya a ɗakin

In ɗalibi ya ɗaga hannu ya ce "Malam, ba ya yi," kada ku taɓa allonsa. Ku tambaye shi nawa ya auna a layin wuta. Tsarin neman matsala ɗaya ne, a rubuta shi a bango: a tabbatar wuta ta iso ƙafar ayisi ita kanta, a tabbatar negetif duk a haɗe yake, a duba fuskar duk abin da ke da gaba da baya, sannan a bi alama daga shiga zuwa fita har a kai inda ta ɓace. A canza abu ɗaya a lokaci ɗaya. Mai tumɓuke komai ya sake haɗawa yana iya dacewa, amma ba zai san abin da ya gyara ba. Jar waya ta fozitif ce kaɗai, baƙa ta negetif kaɗai, kuma a yanka su daidai tsawo su kwanta a kan allo.

A kowane tebur za ku tarar ɗaya ya mallake allo, ɗayan ya zama magatakarda, kuma sau da yawa ɗalibai mata ake bar wa biro. A tsakiyar kowane zama ku sa a yi musaya. Manhajojin kwaikwayon da'ira irin LTspice da Logisim kyauta ne kuma suna aiki ba intanet, suna da amfani wajen shiri a ɗakin kwana, sai dai a cikinsu ba a samun waya mai kwance ko fis da ya ƙone, don haka ba sa maye gurbin tebur.

Wajen maki, ku ba littafin aiki kaso mafi tsoka, a rubuta shi da biro a ɗakin, kuskure a ja masa layi ɗaya ba a goge ba. Jarrabawar ƙarshe kuma ta zama ta mutum ɗaya-ɗaya, minti 15: a ba ɗalibi da'irar 555 da aka ɓata wa abu ɗaya da gangan, da zanenta, da mita. Ku tanadi alluna shida masu matsala daban-daban, ku riƙa juya su, domin kafin mutum na biyar ya shigo labarin allon farko ya riga ya zagaye layi.